Liverpool bayan mutuwar tashar jiragen ruwa: yadda mazauna Granby suka hana a rushe unguwarsu

Duk matashin da ka tara a gidan kallon ƙwallo, a Fagge ne ko a Maraɗi, ka ce masa Liverpool, filin Anfield da jar riga ne za su faɗo masa a rai. Kakansa kuwa, in ya yi aikin awo ko dako a zamanin dalar gyaɗa, ya san garin ta wata ƙofa dabam. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa da auduga da ƙiraga suke gangarawa Legas a loda su a jiragen ruwa, kuma da yawa daga cikin jiragen nan na kamfanin Elder Dempster ne, mai hedikwata a Liverpool. Kamfanin John Holt, wanda iyayenmu ke ce wa Janhol, shi ma ɗan garin ne. Wato gumin manomin ƙasar Hausa yana cikin abin da ya cika manyan sito-siton da ke bakin kogin Mersey.

Sito-siton nan sun daɗe da daina karɓar buhu. Abin da Liverpool ta yi da su, da abin da ta yi da unguwannin ma'aikatan da suka rayu a gindinsu, shi nake so mu warware, domin a gari ɗaya an bi hanyoyi dabam-dabam, kuma an daɗe isasshe har an ga inda kowace ta ɓulle.

A ƙidayar 1931 mutanen Liverpool sun haura 800,000. A ta 2001 ba su kai 450,000 ba. Babban abin da ya karya garin shi ne kwantena. Kayan da a da sai ɗaruruwan 'yan dako sun kwana suna saukewa buhu-buhu, sai ga inji ɗaya yana ɗaga su a akwati cikin 'yan mintoci. A 1972 aka buɗe sabuwar tashar kwantena a Seaforth, can arewa da gari, aka rufe tsofaffin tashoshin kudu. Shekara ta zagayo, Birtaniya ta shiga kasuwar ƙasashen Turai, ciniki ya koma tashoshin gabas da kudu, ita kuwa Liverpool da take fuskantar Afirka da Amurka ta wayi gari ta ba wa kasuwa baya. A 1981 matatar sukari ta Tate & Lyle ta rufe, ma'aikata fiye da 1,000 suka rasa abin yi. A watan Yulin wannan shekarar ne rikici ya ɓarke tsakanin matasa da 'yan sanda a Toxteth, unguwar da baƙar fata suka daɗe a cikinta, jikokin ma'aikatan jirgi daga Saliyo, Laberiya, Najeriya da Somaliya, ga kuma Larabawan Yaman. A nan ne 'yan sanda suka fara harba barkonon tsohuwa a kan jama'a a Ingila. Takardun gwamnati da aka buɗe a ƙarshen 2011 sun nuna cewa ministan kuɗi na lokacin, Geoffrey Howe, ya ja hankalin firaminista Margaret Thatcher da kada a zuba dukiya a garin, a duba yiwuwar barinsa ya ci gaba da dusashewa a hankali.

Ba a bi wannan shawara gaba ɗaya ba. Wani minista, Michael Heseltine, ya tsaya wa garin, kuma hukumar raya Merseyside, wato yankin Liverpool, da aka kafa a 1981 ta ɗauki tashar Albert a matsayin aikinta na nuna wa duniya. An buɗe wannan tasha a 1846, ginin jan bulo da dutse da ginshiƙan ƙarfe, ba katako a jikinsa saboda gudun gobara. Tun da aka rufe ta a 1972 laka ta cike ta. Aka kwashe lakar, aka gyara sito-siton, aka zuba gidan tarihin jiragen ruwa, shaguna, gidajen abinci da gidajen kwana masu tsada. A 1988 gidan baje zane-zane na Tate ya buɗe reshe a wurin. Sunan Tate ɗin nan na Henry Tate ne, attajirin da ya yi arzikinsa da sukari a Liverpool, wanda matatarsa ce aka rufe shekara bakwai kafin nan.

Ba zan raina wannan aiki ba. Ya ceci ginin da aka taɓa shirin rushewa, yana jawo miliyoyin baƙi, kuma a cikinsa ne aka buɗe gidan tarihin cinikin bayi a 2007, inda garin ya fito fili ya amsa cewa jiragensa sun kwashi 'yan Afirka kimanin miliyan 1.5 zuwa bauta. Gadon masana'anta yana da ɗaci a cikinsa, kuma garin da ya nuna ɗacin ya fi wanda ya shafe shi da fenti mutunci. Sai dai tsohon ɗan dako bai koma aiki ba don an rataya zane a siton da ya yi ƙuruciyarsa yana ɗaukar kaya a ciki. Daga tashar Albert zuwa titin Granby a Toxteth bai kai tafiyar awa guda a ƙafa ba, amma ɗumin gyaran bai isa can ba.

Titin Granby shi ne kasuwar Toxteth a da. Shagunan kayan miya na ƙasashe iri-iri, mahauta, teloli, wuraren shan shayi, ga masallacin Al-Rahma a kusa. Ta kowane gefe layuka ne na gidajen jan bulo a jere, bango ɗaya ya haɗa gida da gida, waɗanda magina 'yan Wales suka gina a ƙarshen ƙarni na 19. Bayan rikicin 1981 shaguna suka riƙa rufewa, hukuma kuma ta shiga sayen gidajen ɗaya bayan ɗaya tana toshe ƙofofi da tagogi da farantan ƙarfe, da niyyar in sun taru a rushe su.

A kula da yadda wannan yake aiki, domin shi ne zuciyar lamarin. Gidan jere ba ya tsayawa shi kaɗai. In na maƙwabcinka ya zama kango, rufinsa ya fara yoyo, danshin bangonku ɗaya zai shigo maka ɗaki. Ɓeraye za su tare. Darajar gidanka za ta faɗi, banki ba zai ba ka bashin gyara ba, mai kwashe shara zai fara tsallake layinku. Ba wanda ya ce ka tashi, amma kowace damina sai wani ya gaji ya karɓi abin da aka ba shi ya tafi, gidansa ya ƙaru a cikin na toshewa. Daga baya a zo a nuna layin a ce ai ga shi nan, ba mai son zama a wurin. A 2002 gwamnatin Birtaniya ta ƙaddamar da wani babban shiri na sabunta kasuwar gidaje a arewaci da tsakiyar Ingila, bisa ra'ayin cewa tsofaffin gidajen ma'aikata sun yi yawa, ba masu nema, gara a rushe a gina sababbi don farashi ya tashi. Rusau ya ci layi bayan layi. A ƙarshen titin Granby layuka huɗu suka rage: Beaconsfield, Cairns, Jermyn da Ducie, su ma yawancin gidajensu a toshe.

'Yan tsirarun da suka ƙi tashi, galibinsu mata, sun shafe shekaru suna zuwa taro da hukuma, suna rubuta koke, ba abin da ya canja. Sai suka ɗauki tsintsiya. Suka share layin da kansu, suka kwashe juji, suka jera tukwane da tsofaffin tayoyi suka shuka furanni da ganyaye a bakin ƙofofin da ba kowa a ciki. Suka samo fenti suka zana labule da tukwanen fure a kan farantan ƙarfen da aka toshe tagogi da su, har mai wucewa ya ɗauka akwai mutane a gidan. Suka fito da tebura titi suna cin abinci tare. Daga baya suka buɗe kasuwa ta wata-wata, inda ake sayar da abinci, gwanjo da kayan hannu, ana kiɗa, waɗanda aka tasa daga unguwar suna dawowa su ga juna.

Mai kallo daga nesa zai ce wannan ado ne kawai. Ni a ganina nan ne aka ci yaƙin. Hujjar mai rusau guda ɗaya ce, cewa wurin ya mutu, kuma duk tukunyar furen da aka ga an ba ta ruwa da safe tana ƙaryata shi a gaban ɗan jarida da kansila da duk wanda ya biyo ta layin. Abu na biyu, wanda ya taɓa shiga aikin gayya ya san abin da yake haifarwa. Mutanen da suka yi fenti tare, suka yi gardama a kan wa zai kawo tsani, wa zai riƙe kuɗin kasuwa, sun riga sun koyi tafiyar da ƙungiya tun kafin su yi mata rajista.

A 2011 sabuwar gwamnati ta tsayar da kuɗin shirin sabunta gidaje. Majalisar birni ta rasa na rushewa, ta rasa na gini. A wannan shekarar mazauna suka kafa ƙungiyar amanar fili mai suna Granby Four Streets Community Land Trust. Bahaushe zai fi saurin gane wannan tsari in aka ce masa ɗan'uwan waƙafi ne. Ƙungiya ce ta mutanen unguwa take riƙe fili da gidaje a madadin al'umma, ba a raba riba, ba a sayar da filin ga mai neman ya juya shi. Asalinsa daga Amurka ne, inda masu fafutikar haƙƙin baƙar fata suka kafa irinsa a jihar Jojiya a 1969 don manoman da ake kora daga gonaki su samu ƙasar da ba mai ƙwace musu. A Granby an miƙa wa ƙungiyar gidaje goma a layin Cairns. Bayan gyara, wasu aka ba da su haya mai sauƙi, wasu aka sayar da sharaɗin cewa duk ranar da mai gida zai sake sayarwa, farashin zai bi albashin mutanen gari, ba zai bi tashin kasuwa ba.

Sai a wannan gaɓar ne ƙwararru suka shigo. Wata tawagar matasa masu zanen gine-gine daga Landan, mai suna Assemble, ta zauna da mazauna ta tsara gyaran da kuɗi kaɗan za su iya ɗauka. Abin da ya fi burge ni a aikinsu shi ne yadda suka ɗauki ɓaraguzan gidajen da suka lalace, fasassun bulo da duwatsun rufi, suka kwaɓa da siminti, suka goge har ya yi sheƙi, suka yi wa kowane gida bakin murhun ɗumama ɗaki da shi. Wanda ya shiga sabon gida yana zaune da gutsuren tsohuwar unguwa a falonsa. Mariƙan ƙofa kuwa na yumɓu ne, aka gasa su cikin garin katako a murhun gashin nama, hayaƙi ya bar wa kowane irin nasa zanen. A Disambar 2015 Assemble ta ci kyautar Turner, babbar kyautar masu fasaha ta Birtaniya, mai fam 25,000. Aka yi ta muhawara a jaridu ko gyaran gida ya cancanci a kira shi fasaha. Daga wannan aiki aka haifi Granby Workshop, ƙaramar masana'antar tayil da kayan yumɓu da take cikin unguwar, tana ɗaukar mutanen yankin aiki tana sayar da kaya har ƙasashen waje. A 2019 kuma aka buɗe lambun hunturu a wasu gidaje biyu na layin Cairns da suka lalace har benensu ya rufta. Aka bar bangayen yadda suke, aka yi rufin gilashi, aka dasa itatuwa a tsakar ginin, aka ware ɗakin taro da masaukin mai fasahar da ya zo baƙunta.

Akwai gyara biyu da ya kamata a yi wa yadda ake ba da wannan labari. Na farko, kyautar ta sa ana tuna sunan matasan Landan fiye da matan da suka yi shekaru suna shara da ban ruwa, alhali su suka share fagen. Na biyu, gidajen da ƙungiyar amana ta gyara kaɗan ne. Mafi yawan gidajen da aka gyara a layukan huɗu ƙungiyoyin samar da gidajen haya ne suka gyara su da tallafin hukuma, wasu kuma majalisar birni ta sayar da su fam ɗaya-ɗaya ga wanda ya yi alkawarin gyarawa da kuɗinsa ya zauna a ciki aƙalla shekara biyar. Fenti da fure ba su biya kuɗin rufi ba. Abin da suka yi shi ne sauya shawarar masu kuɗin, daga rushewa zuwa gyarawa.

Masoya ƙwallo kuma ga naku. A unguwar Anfield, daura da filin wasa, akwai tsohon gidan burodi na iyalin Mitchell da ya rufe a lokacin da rusau ya tasa maƙwabtansa. Wata mai fasaha 'yar Holan, Jeanne van Heeswijk, da bikin fasaha na Liverpool ya gayyato a 2010, ta mai da shagon wurin zama da matasa da dattawan unguwa suna zana irin unguwar da suke so. Mutane suka riƙa leƙowa suna tambaya ko akwai burodi. A 2013 aka sake buɗe shi da sunan Homebaked, mallakar ƙungiyar gama kai ta mazauna, kuma cinikin ranar wasa yana cikin abin da yake riƙe da shi.

Inda ba a riƙe fili ba, labarin yakan juya. A yankin da ake kira Baltic Triangle, kusa da tsofaffin tashoshin kudu, masu zane da makaɗa sun tare a sito-siton da ba mai so saboda arhar haya. Suka raya wurin, ya yi suna, sai masu gina dogayen benaye suka biyo sahu, haya ta tashi, waɗanda ba su mallaki ginin da suke ciki ba suka shiga zullumi. An sha ganin haka a Landan da Berlin da sauran manyan birane: mai fasaha ya yi noma, mai fili ya yi girbi. Bambancin Granby shi ne tun kafin unguwar ta yi farin jini an riga an ɗaure gidajen da sharaɗin da ya hana a yi caca da su.

Su kansu tashoshin ruwan ba su tsira ba. A 2004 hukumar UNESCO ta sa bakin ruwan Liverpool cikin wuraren tarihi na duniya. A Yulin 2021 ta cire shi, wuri na uku ke nan da aka taɓa yi wa haka, saboda shirin gina dogayen benaye a tashoshin arewa da kuma sabon filin wasan Everton, wanda aka cike tashar Bramley-Moore da yashi aka ɗora shi a kai. Shugabannin garin sun ce ba za su bar fili ya ci gaba da zama kufai a gefen unguwannin talakawa don a faranta wa masu duba tarihi ba, kuma maganarsu tana da nauyi. Amma tashar da aka cike ta tafi ke nan, kuma ko aikin yi da aka yi wa mutanen arewacin garin alkawari zai daɗe, sai nan gaba za a sani.

Ina karanta duk wannan ne Kakuri, unguwar masaƙu ta Kaduna, tana raina. Masaƙar KTL ta Kaduna, da aka buɗe a 1957, gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa ta tare da kamfanin David Whitehead na Lancashire, lardin da Liverpool take cikinsa a wancan lokaci. Masaƙun UNTL da Arewa da Nortex suka biyo baya, Kakuri da Makera suka cika da ma'aikata daga kowane lungu na ƙasar nan, masu abinci da masu gidan haya da 'yan kasuwa suna ci a gindinsu. KTL ta tsaya a 2002, UNTL a 2007, kuma duk da yunƙurin farfaɗowa da aka sha yi, unguwannin ba su dawo yadda suke ba. A Kano filayen dalar gyaɗa sun zama gine-gine, sai a hoto ake ganinsu. Marinar Ƙofar Mata kuwa tana nan, kuma dalilin da ya sa take nan shi ne har yau akwai masu tsoma zane a baba suna cin abinci da sana'ar.

Ba komai na Granby ne zai zauna a ƙasarmu ba. Su suna da majalisar birni mai gidaje a hannunta da asusun tallafa wa kayan tarihi. Mu kuwa dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filin birni a hannun gwamna, don haka duk ƙungiyar unguwar da take son riƙe wani sashe na tsohuwar masaƙa sai ta samu takardar mallaka da sunanta, in ba haka ba ranar da filin ya yi daraja za a yanka shi fuloti-fuloti. Amma waƙafi ba baƙo ba ne a wurinmu, malamanmu sun san hukunce-hukuncensa, haka ma aikin gayya da adashi. Kuma kafin a yi zancen zane a bango ko gidan tarihi a Kakuri, akwai bashin haƙƙin tsofaffin ma'aikatan KTL da suka shafe shekaru suna bin jihohin Arewa 19 masu kamfanin, da yawansu har suka rasu ba su karɓa ba. Wanda aka riƙe wa haƙƙi ba za a ce masa ya zo ya yi bikin tunawa da wurin da aka riƙe masa shi ba.

In an sauke wannan nauyi, abin da za a yi aiki da shi yana nan a warwatse cikin unguwa: masu zanen atamfa da suka yi aiki a sashen buga launi, makanikan injin saƙa, teloli, marina, da 'ya'yansu masu ɗaukar bidiyo da waya. Zaure ɗaya daga cikin manyan zaurukan masaƙa zai ɗauki ɗaruruwan kekunan ɗinki da wurin koyar da rini. Sai dai lokaci ba ya jira. Wanda ya shiga KTL yana ɗan shekara 20 a shekarar da aka buɗe ta, in Allah ya ja kwanansa, yanzu ya doshi 90. Shi da sa'o'insa ne suka san inda kowane inji yake, da sunan da 'yan kasuwa suka raɗa wa kowace atamfa, da yadda Kakuri take cika in jiniyar canjin aiki ta yi kuka, kuma ɗaukar muryarsu ba ya bukatar izinin gwamna ko kuɗin banki, waya ɗaya da tabarma sun isa.